Sannunku da Ƙoƙari, 'Ya'yan Martha

Yabon gwani ya zama dole. Tun ranar 25 ga Maris, 2016, da kamfanin Warner Bros. ya saki fim ɗin Batman v Superman: Dawn of Justice a gidajen sinimar Amurka, masoyansa ba su huta ba, ba su kuma bar kowa ya huta ba. An yi zaɓuɓɓuka an sauya gwamnatoci, annoba ta zo an rufe duniya an buɗe, su kuwa suna nan inda aka bar su, jijiyar wuya a tashe, suna kare mutuncin wani attajiri mai shigar jemage. Irin wannan juriya sai 'yan ga-ni-kashe-ni. Yau dai na zo in yi muku jinjina, ku da fim ɗin da kuka ɗauka kamar gadon gidanku.

Bari mu faro daga tushe, don wanda bai san inda aka kwana ba. A 2013 darakta Zack Snyder ya fito da Man of Steel, inda Henry Cavill ya hau matsayin Superman. Tun 1938 abu ɗaya aka san wannan jarumi da shi, wato ceto. Jirgi zai faɗo ya tare, yaro zai nutse ya tsamo. Snyder ya duba ya ga ceto ya zama tsohon yayi, sai ya ba mu uba mai hangen nesa, Jonathan Kent. Ɗansa, wato Superman yana yaro, ya ciro motar 'yan makaranta daga cikin kogi, maimakon a sa masa albarka sai aka yi masa faɗa don asirinsa zai tonu. Yaron ya ce to da sai ya bar su su mutu ke nan? Uban ya ce ta yiwu. Madalla da wannan tarbiyya. Uban nan dai daga baya ya ɗaga wa ɗansa hannu ya hana shi ceto shi daga guguwa, ɗan ya tsaya yana kallo har iska ta yi gaba da shi. A ƙarshen fim kuwa, Superman da Janar Zod suka yi ta jifan juna ta cikin dogayen benayen Metropolis kamar babu mai rai a ciki, sannan akta ya murɗe wuyan bos ya ɓalla.

Jama'a suka yi ta ƙorafi a kan gawarwakin da ba a nuna ba. Sai aka ce a kwantar da hankali, kashi na biyu, wato Batman v Superman, zai amsa wannan tambaya. Kuma wallahi farkonsa ya yi alkawari. Ga Bruce Wayne, wato Batman, wanda Ben Affleck ya fito a matsayinsa, yana kutsawa cikin ƙurar benen da ke zubewa alhali kowa gudu yake yi baya. Ya fizge wata yarinya daga ƙarƙashin ƙarfen da zai danne ta, ya durƙusa ya tambaye ta ina mahaifiyarta, ta ɗaga yatsa ta nuna benen da ya rushe. Ya rungume ta, ya ɗaga kai sama yana kallon mutum biyu masu tashi suna dambe a sararin samaniya. Duk wanda ya ga wannan ya gyara zama, don an yi masa alkawarin labari a kan ƙananan mutanen da giwaye ke tattakewa idan suna faɗa. An kuwa cika alkawarin irin cikawar ɗan takara bayan an rantsar da shi. Yarinyar ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Sannu Batman, gwanin bin diddigi. Shekara da shekaru littattafan zane suna yi maka kirari da cewa duk duniya babu mai binciken da ya kama ƙafarka. Ka shafe wata 18 kana nazarin Superman, sakamakon binciken naka kuwa shi ne, in dai akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 cewa wata rana zai zama abokin gaba, to a ɗauka ya riga ya zama, a kashe shi. Wannan lissafi Amurkawa sun san shi. Ɗan jarida Ron Suskind ya rubuta littafi sukutum a 2006 a kan irinsa, ya jingina shi ga mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney, kuma mutanen Iraƙi sun san abin da yaƙin riga-kafi ya haifa musu tun 2003. Lex Luthor, mugun fim ɗin, ya aiko maka da 'yan takardu masu rubutun tsokana, ka hau kai ka zauna ba tare da ka tambayi wa ya aiko ba. Kai ne yaron da aka harbe iyayensa da bindiga a gabansa, ga ka nan ka girke manyan bindigogi a motarka kana ɓarin wuta, ka ɗaure motar mutane da igiya kana ja a titi, wanda ka kama da rai kuma ka yi masa lalas da ƙarfe mai zafi kamar dabba. Masoyanka sun ce ai a 1939 ma ka taɓa riƙe bindiga. Gaskiyarsu. Shekara 70 da ɗoriya da aka yi ana gina ka a kan ƙin kisa, wannan duk ba komai ba ne, tunda an samo shafi biyu-uku da za a kafa hujja da su.

Sannu Lex Luthor, mai dabara bakwai a aljihu ɗaya. Jesse Eisenberg ya fito da kai kana rawar murya kana cusa wa jami'in gwamnati alawa a baki. Ka aika wa Sanata Finch kwalbar fitsari har teburinta a zauren majalisa, ka dasa bam a keken guragu, ka tashi ginin da mutanen ciki. Superman mai gani har hanji yana tsaye a wurin bai ga bam ɗin ba. Mai kallo ya tambayi dalili, sai masoya suka ce masa jahili, ai keken an lulluɓe shi da darma, idon Superman kuwa ba ya ratsa darma. A ina aka faɗi haka? A cikin Ultimate Edition, wanda ya fito bayan wata uku da ƙarin kusan minti 30. Kai jama'a, wannan ciniki ya yi albarka. Tela ya karɓi kuɗinka cif ya miƙo maka riga babu hannu ɗaya, ka yi magana 'yan barandansa suka taso maka, wai laifinka ne da ba ka koma ka sayi hannun daban ba. Fim na minti 151 bai iya bayanin kansa ba sai da ya kai 182, kuma ana so mu ɗauki wannan a matsayin zurfin hikima.

Mu ma mutanen Afirka ba a manta da mu ba, mun gode. An kai mu wani wuri wai shi Nairomi, adireshinsa kawai Afirka, kamar nahiyar unguwa ce guda. Hamada, madugun 'yan tawaye, bindigogi, gawarwaki. Aka harbe mutane da harsashi, duniya ta ɗora laifin a kan mutumin da ko tsinke ba ya buƙata in zai yi kisa. Gotham da Metropolis su ma ƙagaggun birane ne, amma an ba su tituna da jaridu da tashar jiragen ruwa, matattun Metropolis har bango aka gina musu aka zana sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Matattun Nairomi aikinsu kawai su kwanta a rairayi don labarin manya ya samu abin takawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga gundarin abin yabon. Lex ya sace Martha Kent, tsohuwar da ta raini Superman, ya watsa masa hotunanta a ɗaure, ya ba shi awa ɗaya ya kawo kan Batman ko a ƙone ta. Jumla guda ta isa ta kashe wutar nan: an sace mahaifiyata, taimake ni. Superman ya fara magana, aka buɗe masa wuta, shi ma sai ya fasa bayani ya shiga ture-ture. An sayar da tikiti da sunan dambe, dole a yi dambe. Batman ya fesa masa hayaƙin koren dutsen nan na Krypton mai karya masa lago, ya rotsa masa kwamin wanke hannu a ka, ya ja shi a ƙasa da igiya, ya tsaga masa kunci da mashi, ya ɗora masa takalmin ƙarfe a maƙogwaro. Ya ɗaga mashin zai soke. Cikin shaƙewar murya Superman ya ce a ceci Martha. Sai Batman ya ƙame, ya shiga ihu yana tambayar me ya sa aka ambaci wannan suna. Lois Lane, masoyiyar Superman, ta faɗo a guje ta ce sunan mahaifiyarsa ne. Ashe mahaifiyar Bruce Wayne ma Martha ce. Mashi ya faɗi ƙasa. Gabar wata 18 ta narke nan take, damben da aka sa wa fim suna dominsa ya ƙare bai cika minti 10 ba. Jim kaɗan Batman yana gabatar da kansa ga tsohuwar a matsayin abokin ɗanta.

Allah ya ƙara basira, Chris Terrio da David S. Goyer, marubutan wannan labari. Bahaushe dai ko da wasa ba ya kama sunan mahaifiyarsa gatsal, wani ma in ya haɗu da takwararta sai ya sakaya. Ba'amurke bai da wannan alkunya, amma shi ma Mama yake cewa, kuma haka Superman yake kiran tsohuwar nan a sauran wurare. Wane ɗa ne mashi a wuyansa zai tuna da sunan yanka na uwarsa ya manta da kalmar uwa? Sai ɗan da marubuci ke riƙe da harshensa.

Masoya suna da tafsiri, kuma ya kamata a saurare shi. Sun ce kalmar ƙarshe da mahaifin Bruce ya furta yana kwance cikin jini ita ce Martha, don haka jin sunan ya mayar da shi lungun da aka kashe iyayensa, ya ga cewa yau shi ne mai makami a kan ɗan wata. Sun ce a lokacin ne ya gane baƙon nan daga wata duniya shi ma mutum ne mai uwa. Niyya ce mai kyau, babu musu. Sai dai 'yan mintoci kafin nan, Batman da bakinsa yana yi wa Superman gori a kan abin da iyayensa suka koya masa. Ya riga ya san yana da iyaye, sanin bai hana shi wasa mashi ba. Abin da ya sauya kawai shi ne suna ya zo ɗaya. Da tsohuwar Mary take, da tuni an yi jana'iza. Daga nan kuma sabon mai tausayin namu ya wuce ɗakin ajiyar kaya inda ake tsare da Martha, ya karya ƙasusuwa, ya caka wuƙa, ya harbi tankin man da ke goye a bayan mutum ya tashi da wuta. Su waɗannan daga icce suka faɗo, ba su da uwaye. Haka mutanen Nairomi. Darasin fim ɗin ya fito fili: tausayi na takwara ne, wanda ba naka ba kuwa ko oho.

A nan ne jinjinata ta fi tsawo, domin ban taɓa ganin ɗalibai da suka haddace darasi kamar ku ba. Masu sharhin fina-finai suka ce fim bai yi ba, makinsa a shafin Rotten Tomatoes ya kasa kai 30 cikin 100. Nan da nan kuka gano bakin zaren: Disney, mai kamfanin Marvel, ya saye su duka. A watan Agustan 2016, da Suicide Squad ya sha irin wannan kashi, har takardar koke aka buɗe dubbai suka sa hannu a rufe shafin. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa Warner Bros. ɗin da kuke karewa yana da hannun jari a kamfanin da ya mallaki shafin. Mako na biyu cinikin fim ɗin a Amurka ya faɗi da kashi 69 cikin 100, wato masu kallo na gari sun gaya wa 'yan'uwansu abin da suka gani. Su ma hala Disney ne ya bi su gida-gida da ambulan. Duk wanda ya ce labarin yana da ɓaraka sai a ce ƙwaƙwalwarsa ta yara ce, ya koma kallon masu barkwanci. So hana ganin laifi, an ji. Amma so har ya kai ga zagin uwar wanda bai so abin da kake so ba, a kan fim ɗin da kuke cewa darajar uwa yake koyarwa, wannan sai ku.

Ku ma na ɗaya ɓangaren, masu kushe, kada ku ce na manta da ku, sannunku da aiki. A watan Agustan 2013, ana sanar da cewa Affleck ne zai zama Batman, ko fara ɗaukar fim ba a yi ba kuka buɗe takardun koke a cire shi. Gal Gadot kuka ce ta cika rama, ba ta isa ta zama Wonder Woman ba, sai ga shi fitowarta na cikin 'yan wuraren da sinima ta ɗauki tafi. Da fim ya fito kuka samu hoton Affleck ya yi tagumi a wata hira, kuka yi ta yawo da shi kuna shewa. Kun mayar da sunan Martha abin tsokana, duk inda mai son Snyder ya buɗe baki sai ku jefa masa. Ku da su uwarku ɗaya, ba ku dai tambayi sunanta ba ne.

Sai babbar nasara. A 2017 Snyder ya ajiye aikin Justice League bayan rasuwar 'yarsa, aka ba Joss Whedon ya ƙarasa, aka fito da wani abu mai kama da kwaɗon da aka haɗa a gidaje biyu, har da leɓen Cavill da aka goge wa gashin baki da kwamfuta. Ku masoya kuka ce sai an fito da na Snyder. Kuka yi hayar jirgin sama ya ja ƙyalle a saman taron Comic-Con na San Diego a 2019, kuka sayi allon talla a dandalin Times Square na birnin New York, duk da kuɗin aljihunku. Ranar 18 ga Maris, 2021, aka sake shi, awa 4 da minti 2, bayan an ƙara kashe kimanin dala miliyan 70. Kuka ce kun durƙusar da kamfani. Kamfanin kuwa a lokacin ya buɗe sabuwar manhajar kallo, HBO Max, yana neman masu biyan kuɗin wata ido rufe, sai ga runduna ta yi masa tallar shekara uku kyauta. A 2022 mujallar Rolling Stone ta ruwaito cewa binciken da kamfanin ya sa aka yi ya nuna aƙalla kashi 13 cikin 100 na asusun da ke wannan gangami na bogi ne. Kafin shekarar ta ƙare, Cavill ya sanar da dawowarsa a Oktoba, a Disamba aka ce masa a kai kasuwa. Batman v Superman shi kaɗai ya tara wajen dala miliyan 873 a duniya. Nawa aka aiko muku? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Tunda kun iya haddar tarihin jarumanku har lambar shafi, ga wasu sunaye da ban cika jin ku kuna ɗaga jijiya a kansu ba. Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani a birnin Cleveland, su suka ƙirƙiri Superman. A 1938 suka sayar da shi a kan dala 130. Da suka nemi haƙƙinsu a kotu aka kore su daga aiki aka cire sunansu. Shuster ya tsufa idonsa na mutuwa, aljihunsa babu komai. Sai a 1975, da 'yan'uwansu masu zane irin su Neal Adams da Jerry Robinson suka tayar da ƙura, kamfani ya yarda zai riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara ya kuma mayar da sunansu. Cakin da aka biya su da shi a 1938 an yi gwanjonsa a 2012 a kan dala 160,000. Bill Finger, wanda ya tsara kamannin Batman, ya raɗa wa Gotham suna, ya rubuta labarin kisan iyayen Bruce Wayne, wato shi ya haifi lungun da duk tafsirinku ya dogara a kai, ya mutu a 1974 cikin talauci, abokin aikinsa Bob Kane kaɗai ake ambata. Sai a 2015 kamfani ya amince a sa sunan Finger, kuma fim ɗin nan naku na cikin na farko da suka ɗauke shi a allo. Shekara 41 bayan mutuwarsa.

Gatsen ya isa haka, bari in faɗi abin da ke cina. Ina son waɗannan jarumai, shi ya sa abin yake min ciwo. Na kuma san abin da kuke iyawa idan kuka ga dama, domin ku ɗin nan ne kuka tara sama da dala rabin miliyan ga gidauniyar Amurka mai yaƙi da kashe kai, don alhinin Snyder, uban da ya rasa 'yarsa. Ba ku san yarinyar ba, ba danginku ba ce, kuka ji zafin mutuwarta. Wannan ya fi duk wani allon talla da kuka saya, kuma shi ne abin da aka ƙirƙiri Superman ya koyar.

A fim ɗin 1978 na Richard Donner, daren da Christopher Reeve ya fara bayyana da jar alkyabba, ya cafe Lois da hannu ɗaya ya tare jirgi mai saukar ungulu da ɗayan, ya kama ɓarayi, ya ceci jirgin shugaban ƙasa. A cikin wannan dare dai ya sauko wata unguwa ya ciro wa wata ƙaramar yarinya kyanwarta daga kan bishiya, ya miƙa mata ya tashi. Mai ƙarfin da zai iya juya duniya ya ga kukan yarinya a kan kyanwa ya isa a tsaya masa. Ba 'yar garinsu ba ce, shi da ma baƙo ne a duniyar gaba ɗaya, kuma bai tambaye ta sunan uwarta ba. Yaran da ke tasowa yanzu sun cancanci su gaji wannan jarumin, su kuma ga manya suna musu a kan fim su tashi suna dariya. Ku yi ta gardama, ku tsefe labari, ku kare Snyder ko ku kushe shi, duk halal ne. Amma wanda ke ɗaya gefen yana cewa fim ɗin bai yi masa ba, shi ma wata ce ta yi naƙudarsa, ko sunanta Martha ko ba Martha ba. Ku ajiye mashin tun kafin ku ji.